Daga Jaki Zuwa Mota Mai Ƙarfi Biyu A Ƙasar Karaye Da Rogo

Ƙasar Karaye tana yamma da birnin Kano, ta ɗan karkata kudu. Rogo kuwa tana gaba da ita, can inda ƙasar Kano ta yi iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau. Karaye tsohon gari ne, sunansa ya fito cikin tarihin sarakunan Kano tun zamanin da Kanawa ke gwabzawa da Katsinawa. A dā Rogo cikin gundumar Karaye ta ke, daga baya kowacce ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, sa'an nan a shekarar 2024 dokar Jihar Kano ta haɗa su biyun cikin masarauta guda.

Mutanen wannan yanki manoma ne. Suna noma dawa da gero da masara, da gyaɗa da auduga, a fadamu kuma ga rake da shinkafa da kayan lambu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye cikin shekarar 1992, sai su da noman rani suka ƙaru. To, manomi komai yawan abin da ya noma, ba ya zama kuɗi sai ya kai kasuwa, kuma mara lafiya ba ya samun babban likita sai an kai shi birni. Sabo da haka labarin abin hawa a ƙasar nan labarin arzikin mutanenta ne da lafiyarsu.

Wanda ya bi labarin nan da natsuwa zai ga hanya ɗaya ce kowane sabon abin hawa ke bi. Sarki shi ke fara hawa, attajiri ya biyo baya, sa'an nan ma'aikacin gwamnati, daga ƙarshe ya gangaro wurin talaka, galibi bayan ya tsufa a hannun wani. Kuma ba ya zama na kowa da kowa sai abu uku sun haɗu: ya zamana ana iya sayensa, ana iya ciyar da shi, kuma akwai mai yi masa magani kusa in ya yi ciwo. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, sai abin hawa ya koma abin kallo.

Zamanin jaki

Kafin zuwan Turawa, doki shi ne abin hawan sarakuna da barade. Talaka ba ya iya riƙonsa, domin doki yana cin dawa dami-dami, yana bukatar kanwa, yana bukatar yaron da zai yi masa ciyawa safe da yamma. Raƙumi kuwa baƙo ne, Buzaye ke zuwa da shi da rani, su kawo gishiri da kanwa su koma da hatsi da tufafi. Abin da ya zama na kowa shi ne jaki, sai kuma takarkari ga wanda ya sami hali.

Dalili kuwa a fili ya ke. Jaki ba shi da tsada, har ma a gida a ke haifarsa. Abincinsa kara ne da harawa da 'yar dusa, duk daga gonar ubangijinsa. In mangala ta yi masa miki a baya, babu tsohon da bai san abin da za a shafa masa ba. Watau abubuwan nan uku duk sun haɗu gare shi. Aibinsa ɗaya, nawa. Mai jaki da kaya ya kan yi kamar kwana uku tsakanin Karaye da Kano, yana yada zango a hanya. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kuwa, sai su yi watanni ba a ga ƙeyarsu ba.

Jirgin ƙasa da lori

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga su ke fata, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka dukufa a kanta. Nan ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, har aka riƙa tara buhunan gyaɗa a Kano kamar duwatsu, a ke ce da su dala. Amma reluwe ba ta shiga Karaye ko Rogo ba. Ta Zariya zuwa Kano ta bi ta gabas, ta tashar Dangora da Madobi. Ta Zariya zuwa Funtuwa, wadda ta kai Ƙauran Namoda a 1929, ta bi ta yamma. Ƙasar nan ta zauna tsakanin hanyoyin biyu. Sabo da haka zuwan jirgi bai kashe aikin jaki ba, sai ma ƙara masa da ya yi, domin shi ke kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa wurin awo.

Ita kuwa mota, wani Bajamushe ne mai suna Karl Benz ya fara ƙera irin wadda ke tafiya da fetur, a shekarar 1886. Da ta iso Arewa, Turawan mulki da manyan sarakuna ne suka fara shiganta, daga baya hakimai. In motar Razdan ko ta Sarki za ta fita rangadi, sai an share hanya tun da sauran kwanaki, mutane su yi dafifi a bakin gari suna kallon abin da ke gudu ba a ja ba a turawa. Hanyoyin En'e na wancan zamani yawancinsu na rani ne. Da damina rafuka su kan yanke su, waɗanda aka zuba wa burji kuma a kan sa musu shinge bayan an yi ruwa, a tsai da manyan motoci sai ƙasa ta tsane.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sojojin da suka komo daga Bama da sauran wurare waɗansunsu sun iya tuƙi da gyaran inji. Lori ya yawaita, attajirai suka sa shi a jigilar gyaɗa da auduga. Ran kasuwa sai a loda buhuna, mutane su hau bisa kaya, direba na gaba, karen mota na rataye a baya. Tafiyar kwana uku ta koma ta yini ɗaya. Duk da haka lori ba na iyali ba ne, na haya ne. Abin da malamin makaranta da malamin haraji da malamin asibiti su ke iya mallaka shi ne keke, musamman Raleigh, wanda samari ke yi wa ado kamar dokin sallah.

Yadda mota ta zama ta iyali

A ƙasar Amurka ne mota ta fara zama ta kowa. Henry Ford ya fito da wata mota mai suna Model T a shekarar 1908. A 1913 ya shirya masana'antarsa yadda motar za ta riƙa tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci ya ɗaura mata abu guda ta wuce. Wannan dabara ta sa kuɗinta ya sauko daga dala 850 har ya koma ƙasa da dala 300. Kafin a daina yinta a 1927 an ƙera fiye da miliyan 15. Ga araha, ga fetur a wadace, ga shi kuma kowane maƙerin ƙauye yana iya kwance ta ya ɗaura. Abubuwan nan uku suka haɗu, sai manomin Amurka ya saki doki.

A Nijeriya sai da aka yi shekaru kamar sittin kafin a kai nan. Gab da samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata sun fara samun bashin mota daga gwamnati, amma su ɗin 'yan kaɗan ne. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A 1972 aka bar tuƙi ta hannun hagu aka koma dama, a 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo. Cikin wannan shekara ta 1973 ne rikicin Gabas ta Tsakiya ya sa kuɗin ɗanyen mai ya ninka kamar sau huɗu a kasuwar duniya. Abin da ya zama masifa ga Turai da Amurka da Japan, a nan ya zama buɗi. Aka yi ƙarin albashi na Udoji, ma'aikata suka karɓi kuɗi a dunƙule a 1975, kasuwar babur da rediyo da mota ta buɗe.

A shekarar nan ta 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, da ta Volkswagen a Ikko. Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, ita ce ta zama motar Arewa, musamman samfurin 504. Tana da tsayi daga ƙasa, tana jure burji da gargada. Doguwarta ta zama motar haya tsakanin garuruwa, a-kori-kurarta ta zama mai kai hatsi da mazarƙwaila kasuwa. A lokacin litar fetur ba ta kai kwabo 20 ba, naira kuma ta fi dala ƙarfi. A 1980 aka buɗe matatar mai a Kaduna. Kayan gyara suna nan tuli a Kano, a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, kuma da wuya a sami gari mai kasuwa wanda babu bakanike a gindin bishiya da ya san cikin Fijo kamar yadda ya san yunwar cikinsa. Wannan shi ne karo na farko da hedimasta ko alhajin ƙauye ya ɗauki iyalinsa a motarsa ta kansa.

Zamanin motocin Kwatano

Daɗin nan bai daɗe ba. Kuɗin ɗanyen mai ya faɗi, a 1986 gwamnati ta karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Masana'antun harhaɗa motoci suka yi ta ja da baya, waɗansu suka rufe. Sai 'yan kasuwa suka juya ga motocin da aka hau aka bari a Turai, waɗanda a ke ce wa Baljiyam, sabo da daga tashar jiragen ruwa ta wannan ƙasa a ke lodo da yawansu. Galibi a Kwatano a ke sauke su, waɗansu su shigo ta kudu, waɗansu su zagayo ta Maraɗi su faɗo ta Katsina. Daga baya aka riƙa kawo na Amurka su ma. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa, amma hakan bai sa sabuwa ta maye gurbin ta hannu ba.

Ta haka Toyota da Honda suka kori Fijo. Golf ta zama motar hayar ƙauyuka, a cusa mata mutane da buhuna har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. A dogayen hanyoyi kuma sai Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon, da Toyota Sienna. Amma in za a faɗi gaskiya, abin hawan iyalin manomin Rogo da Karaye a wannan zamani shi ne babur, na Sin ko na Indiya. Shi ke kai taki gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ya gaji jaki.

Akwai abin lura a nan wanda ya kamata mai karatu ya riƙe. Tun daga 1986, ba mutanen ƙasar nan ke zaɓen irin motar da za su hau ba. Abin da iyalan Turai da Amurka suka saya sabo, shi ke isowa Kano bayan shekara goma ko goma sha biyar. Wanda ya ke son ya san motar da za a gani a tashar Karaye nan gaba, sai ya dubi abin da a ke saye a can yau.

Asalin mota mai ƙarfi biyu

Abin da a ke saye a can kuwa, ƙara yawa ya ke yi, shi ne motar da kanikawa ke kira haibirid, watau mota mai ƙarfi biyu, wadda ke tafiya da fetur da lantarki gaba ɗaya. Misalinta a cikin dabbobi shi ne alfadari, wanda ya haɗa jinin jaki da na goɗiya, ya ɗauko juriyar wannan da ƙarfin waccan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wajen shekarar 1900 wani saurayi mai suna Ferdinand Porsche, yana aiki a kamfanin Lohner a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya ƙera mota wadda injin fetur ke ba ta lantarki, lantarkin ya juya ƙafafunta. Amma ta yi nauyi, ta yi tsada, ga fetur kuma da araha, sai aka watsar da ita. Sai bayan wahalar mai ta 1973, da kuma damuwar da aka shiga game da hayaƙin motoci da ɗumamar duniya, masana suka waiwayi tsohuwar dabara.

Kamfanin Toyota na Japan shi ya fara fito da ita kasuwa da yawa. Wani injiniya mai suna Takeshi Uchiyamada ya shugabanci aikin, aka fara sayar da motar, mai suna Prius, a watan Disamba na 1997, watan da ƙasashen duniya suka taru a birnin Kyoto kan maganar hayaƙi. Honda ta biyo da tata mai suna Insight a 1999. A shekarar 2000 aka fara kai Prius Amurka da Turai.

Ga yadda ta ke aiki. A cikinta akwai injin fetur kamar na kowace mota, akwai kuma injin lantarki, da wani babban batir wanda galibi a ke ɓoyewa a ƙarƙashin kujerar baya ko a bayanta, da kwamfuta mai raba musu aiki. Injin fetur ya fi ɓarnar mai wajen tashi, da tafiyar sannu, da tsayawa yana kunne. To, a waɗannan wurare sai lantarki ya karɓi aiki. In mota ta tsaya, injin fetur ya mutu da kansa. In ta miƙe a hanya, ya tashi ya ja, yana kuma cika batir. In za a hau tudu ko za a wuce wata mota, su biyun su haɗa ƙarfi. Babbar hikimar tana wajen birki. A sauran motoci, in an taka birki, ƙarfin gudun ya kan zama zafi ya bi iska. A wannan kuwa, sai injin lantarkin ya juye ya zama janareto, ya kama ƙarfin nan ya mai da shi cikin batir. Sabo da haka ba a jona ta da wutar gida, ita ke yi wa kanta caji. Akwai dai wata ƙanwarta mai batir mafi girma wadda a ke jonawa, amma wannan dabam ce.

Da farko ita ma hanyar magabatanta ta bi. Masu hali da 'yan wasan sinima da masu son a san suna kula da tsabtar iska su suka fara saye, sauran jama'a suna cewa batirin zai mutu, gyaran zai gagara. Sai direbobin tasi a manyan birane suka gwada, suka ga tana daɗewa, mai kuma kaɗan ta ke sha. A 2005 da 2006 Toyota ta sa wannan inji cikin motocin da iyali suka saba da su, irin su Highlander da Camry. A 2007 motocinta masu ƙarfi biyu da aka sayar a duniya suka kai miliyan 1, a farkon 2017 suka kai miliyan 10.

Akwai hannun ɗan Arewa a cikin wannan tarihi. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya yi karatun zanen motoci a birnin Detroit na Amurka, ya yi aiki a kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt, mai ƙarfi biyu irin wadda a ke jonawa, wadda aka nuna wa duniya a 2007, aka fara sayarwa a ƙarshen 2010. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya, ya riƙe ta har 2023. A zamaninsa ne, cikin 2021, aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Alamar cewa abin ya zama na kowa ta bayyana ne a motoci biyu da duk direban Kano ya sani. Tun daga samfurin 2021, Toyota ba ta ƙera Sienna sai mai ƙarfi biyu. Bisa awon hukumar Amurka, ta 2020 tana yin mil 21 da galan guda, ta 2021 kuwa mil 36. Haka kuma Camry da aka fitar a Amurka a 2024 duk mai ƙarfi biyu ce. Watau a can, wanda ya je sayen waɗannan motoci sababbi ba a tambayarsa wace iri ya ke so.

Abin da ke jiran Karaye da Rogo

Ana cikin haka sai abincin mota ya yi tsada a Nijeriya. Litar fetur da ta ke kwabo 39 da rabi a 1986, ta kai naira 11 a 1994, naira 97 a 2012, naira 145 a 2016. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Matatar da Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, ya gina a Ikko ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, sai dai ba a koma farashin dā ba. Magidanta da yawa suka jingine motocinsu, kuɗin mota zuwa birni ya ninka, kuɗin kai buhu kasuwa ya ci ribar manomi. Mutumin ƙauye ya fi jin jiki, domin tafiyarsa ta fi nisa, kuma sau da yawa a hannun 'yan bumburutu ya ke sayen mai.

Gwamnati ta fito da shirin juya motoci su riƙa amfani da iskar gas a 2023, amma wannan sai inda akwai gidan sayar da gas ɗin. Mota mai lantarki zalla kuwa tana bukatar wuta tsayayya, abin da ƙauyuka ba su samu ba tukuna. Mota mai ƙarfi biyu ba ta neman ko ɗaya daga ciki, fetur ɗin da aka saba shi ta ke sha, sai dai kaɗan. Ta wajen abinci ke nan ta dace da ƙasar nan. Amma a san cewa ribarta ta fi yawa a cunkoson birni, inda a ke yawan tsayawa da tashi, kamar daga Kabuga zuwa cikin gari. A doguwar hanya miƙaƙƙiya ragin yana nan, amma bai kai na birni ba.

Ta wajen kuɗin saye, sabuwa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, balle da dala ta haura naira 1,500 a 2024. Ta hannu ce za ta iso, kamar yadda aka saba, har ma an fara ganin irinta a wuraren dillalan motoci na manyan birane. A nan ne hatsarin ya ke. Babban batirin nan yana tsufa. A Amurka, tun daga samfurin 2020, Toyota tana lamunce shi shekara 10 ko mil 150,000. Motar da ta iso Kano bayan shekara goma sha biyu ta riga ta fita daga lamuni, kuma sauya batirin kuɗi ne mai yawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, amma wanda ya sayi motar nan bai sa an auna lafiyar batirinta da na'ura ba, bai san abin da ya saya ba.

Sa'an nan ƙasar nan tana da abubuwa uku da batirin ba ya so. Na ɗaya zafin bazara, domin zafi ke saurin tsufar da shi. Na biyu ƙurar hunturu da ta burji, domin akwai 'yar fanka da ke busa masa iska daga cikin mota, in ƙura ta toshe ta sai ya yi zafi ya lalace. Na uku ruwan damina, domin bai kamata a kutsa da ita cikin rafi ko kududdufi mai zurfi ba. Ƙananan irinta, kamar Prius, cikinsu kusa da ƙasa ya ke, ba su dace da hanyar da ta zaizaye ba. Injinta kuma yana son baƙin mai marar kauri irin wanda aka rubuta mata, da fetur marar gauraye.

Sharaɗi na uku, watau mai magani, shi ne ya fi nauyi. Bakaniken da ya koyi aiki a kan Fijo da Golf da kunne ya ke gane ciwon mota, da sufana ya ke warkar da shi. Wannan kuwa sai an jona mata na'ura ta faɗi inda ke mata ciwo, sai kuma wanda ya iya karanta abin da ta faɗa. Wutar da ke cikin babban batirin ta kai bolt 200 ko fiye, tana iya kashe mutum. Sabo da haka ne a ke rufe wayoyinta da roba mai ruwan lemo, don kowa ya gani ya kiyaye. Yaron gareji da bai san wannan ba, ransa ke cikin hatsari. Mai motar da ta lalace a Rogo kuwa, in babu gwani sai a Kano, abin da ya tara na ragin mai zai tafi wajen janwe.

Larabawa suna cewa an tambayi alfadari wane ne ubansa, sai ya ce doki kawunsa ne. Amma babban aibin alfadari ba asali ba ne, rashin haihuwa ne: in ya mutu sai an sake nemo wani daga waje. Jaki ya zauna a ƙasar nan domin a gida a ke haifarsa. Fijo ta zauna domin a Kaduna a ke harhaɗa ta, kayanta na Ƙofar Ruwa, masu gyaranta na kowane gari. Mota mai ƙarfi biyu za ta zo ko an so ko an ƙi, tun da masu ƙera Sienna da Camry sun riga sun yanke shawara, kuma abin da suka ƙera yau shi 'yan kasuwa za su kawo gobe. Abin da ya rage a hannun mutanen ƙasar nan shi ne ko za ta tarar an shirya mata.

Shirin kuwa ba wani abu ba ne mai wuya. Makarantun koyon sana'a su sa aikin lantarkin mota cikin darussansu. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi su tura yaransu masu karatu su koyo aiki da na'urar awo. Ƙananan hukumomi da masu hali su taimaka wa waɗanda suka koyo da kayan aiki, don a sami gwani a Karaye da Rogo, ba sai an tafi birni ba. 'Yan kasuwar kayan gyara su fara sanin batir na ƙwarai da na jabu. Hukuma kuma ta dubi hanyoyin ƙauyuka, domin babu motar da ke rage shan mai a cikin rami. Sojojin da suka komo da sanin tuƙi a 1945 su suka ci moriyar zamanin lori, yaran da suka shiga gareji a 1975 su suka ci ta zamanin Fijo. Wannan zamanin ma yana da nasa rabon, kuma masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.